Waiwaye: Tushen Yaƙin Checheniya da Rayukan da Ya Ci

Rikicin Checheniya, wani yanki a kudancin Rasha, ya girmi rushewar Tarayyar Sobiyet nesa ba kusa ba. Tun zamanin sarakunan Rasha mutanen tsaunukan Kokasas suke turjiya, har jagoransu Imam Shamil ya miƙa wuya a 1859. Mikin da ya fi zurfi kuwa shi ne na 23 ga Fabrairu, 1944, lokacin da Stalin ya sa aka kwashe Checheniyawa da maƙwabtansu Ingush, kusan mutum rabin miliyan, aka loda su a taragun jirgin ƙasa zuwa Kazakistan da kewaye, bisa zargin haɗa kai da Jamus. Yunwa da sanyi da cuta suka kashe dubun dubatansu. Sai a 1957 aka bar su suka koma gida.

'Ya'yan waɗannan mutane ne suka mara wa Janar Dzhokhar Dudayev baya da ya ayyana 'yancin kai a 1991. Mosko ta ƙi, don gudun kada sauran yankuna su bi sahu, ga kuma bututun mai da ya ratsa yankin. A Disambar 1994 Shugaba Yeltsin ya tura sojoji, aka yi wa Grozny, babban birnin Checheniya, ruwan bama-bamai, cikin waɗanda suka mutu har da Rashawa mazauna birnin. Yarjejeniyar Khasavyurt ta 1996 ta tsayar da wuta, amma ta ɗage maganar makomar yankin.

A 1999 Shamil Basayev, wani kwamandan mayaƙan Checheniya, ya kutsa yankin Dagestan mai maƙwabtaka, bama-bamai suka tashi a gidajen jama'a a Mosko da wasu garuruwa, Putin ya buɗe yaƙi na biyu. Fararen hula ne suka fi shan wuya, kuma daga kowane ɓangare. Sojojin Rasha sun riƙa kame samari a ƙauyuka, dubbai ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mayaƙan aware kuma sun yi garkuwa da 'yan makaranta a garin Beslan na kudancin Rasha a 2004, mutum sama da 330 suka rasu, fiye da rabinsu yara. Wannan ta'asa ba ta da wani uzuri, kowane irin zalunci aka yi wa kakanninsu.

Rasha ta sanar da kammala yaƙin a Afrilun 2009, Ramzan Kadyrov, mai biyayya ga Mosko, na riƙe da mulkin Checheniya. Wata uku bayan haka aka sace Natalya Estemirova ta ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial, mai bin diddigin waɗanda suka ɓace, a ƙofar gidanta a Grozny, aka harbe ta.