Fisalis na lambu

Fisalis na lambu tsiro ne daga dangin tumatir da gauta da barkono da dankalin turawa, dangin da masana tsirrai ke kira Solanaceae. Ana noma shi don ƙananan 'ya'yansa masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda kowannensu ke girma a lulluɓe cikin wani siririn ɓawo mai kama da fitilar takarda, kuma idan ɗan ya nuna sai ya faɗo ƙasa da kansa tare da ɓawonsa. Jinsin Physalis ya ƙunshi nau'o'i tsakanin 75 da 90, gwargwadon lissafin da aka bi, amma kaɗan ne daga ciki ake shukawa don ci. Matsarmama, wadda ke fitowa da kanta a gonaki da gefen hanya, 'yar wannan jinsi ce, kuma sunanta na kimiyya Physalis angulata. Nau'in da masu lambun gida suka fi shukawa shi ne gajeren nan mai yaɗo da ake sayar da irinsa da sunan Physalis pruinosa, sai kuma dogon nau'in tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wato Physalis peruviana.

Asali da tarihi

Kusan dukkan nau'o'in fisalis daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ƙasar Meziko ce ta fi ko'ina yawansu. Masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya tabbatar da sunan jinsin a 1753, ya ɗauko shi daga kalmar Girkanci mai nufin mafitsara ko abin da aka hura wa iska, saboda siffar ɓawon.

Tsiron ya daɗe a duniya fiye da yadda aka yi zato a da. A 2017 Peter Wilf da abokan aikinsa suka wallafa bayanin wasu 'ya'yan fisalis da suka zama dutse, waɗanda aka tono a Laguna del Hunco cikin yankin Patagoniya na ƙasar Ajantina, aka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 52. An ba nau'in suna Physalis infinemundi. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda ɓawon, duk da rashin ƙwarinsa, ya bar zanen jijiyoyinsa a jikin dutsen, alamar cewa wannan sutura ta riga ta kammala tun wancan zamani. Binciken ya sa aka sake duba shekarun dukan dangin tumatir.

Mutanen Meziko na dā sun mayar da wani nau'i, Physalis philadelphica, abin noma tun ƙarnuka da yawa kafin zuwan Turawan Sifaniya, kuma har yau shi ne tomatiyo da ake dafawa yana kore. Ƙabilun asali na Arewacin Amurka su ma sun riƙa tsintar 'ya'yan nau'o'in daji suna ci. A tsaunukan Andis kuwa, an san Physalis peruviana tun zamanin daular Inka, kuma shi ne ya fi sauran yin tafiya mai nisa. Ana cewa an kai shi Ingila wajen 1774, kuma Turawan da suka zauna a kudancin Afirka suna noma shi kafin 1807. Daga can ake kyautata zaton ya tsallaka Ostareliya da Niyu Zilan. A tsibiran Hawayi, inda ake kiransa poha, ya bazu a farkon ƙarni na 19 har ya koma fitowa a daji. Tun daga shekarun 1980 ƙasar Kolombiya ta mayar da shi hajar fitarwa, musamman zuwa Turai, tana noma shi a wurare masu tsayin mita 1,800 zuwa 2,800 a yankunan Boyaka da Kundinamarka. Sunansa a can uchuva, a Peru kuma aguaymanto.

Gajeren nau'in bai samu irin wannan kasuwa ba, ya tsaya a lambunan gida, inda masu adana tsofaffin iri suka riƙe shi hannu da hannu. Daga cikin sanannun irinsa akwai Aunt Molly's, wanda ake danganta shi da ƙasar Folan, da Cossack Pineapple, da Goldie. A 2018 wata tawaga ƙarƙashin Zachary Lippman na cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da Joyce Van Eck ta Cibiyar Boyce Thompson, dukansu a Amurka, ta yi amfani da fasahar CRISPR wajen gyara ƙwayoyin halittarsa, don a samu tsiro mai tattare jiki, mai yawan fure da manyan 'ya'ya. Manufar ita ce a nuna cewa amfanin gonar da aka yi watsi da shi zai iya samun cikin 'yan shekaru abin da tumatir ya samu cikin ƙarnuka.

Siffa

Gajeren nau'in ba ya cika wuce santimita 30 zuwa 60 a tsayi, amma rassansa kan yaɗu har kusan mita ɗaya. Ganyensa na da laushi da ɗan gashi, furensa ƙarami ne, rawaya, mai duhu a tsakiya. Bayan furen ya ɗauki barbara, koren ganyen da ke gindinsa yakan ci gaba da girma har ya rufe ɗan gaba ɗaya, kuma shi ne ɓawon. Nau'in Andis kan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yana kuma rayuwa shekaru a inda sanyi ba ya daskarar da ruwa.

Noma a gida

Irin fisalis ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ba a binne su da zurfi, rabin santimita ya isa. Suna son ƙasa mai ɗumi, tsakanin digiri 21 da 29 a ma'aunin Selshiyas, kuma sukan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka idan ƙasar ta yi sanyi. A ƙasashe masu tsananin hunturu ana rainon iri a cikin ɗaki mako 6 zuwa 8 kafin sanyi ya wuce, sannan a riƙa fitar da shi waje kaɗan kaɗan don ya saba da rana da iska kafin a yi dashe. A wurare masu zafi ana iya rainonsa a inuwa mai haske. Ana barin tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin tsiro da tsiro, a wurin da rana ke samu sosai kuma ruwa ba ya kwanciya.

Ba ya buƙatar taki mai yawa. Ruɓaɓɓen taki kaɗan a lokacin dashe yakan wadatar, kuma yawan takin naitirojin yana sa shi yin ganye luf luf ba tare da 'ya'ya ba, ga shi kuma irin wannan ganye mai taushi shi ƙwari masu tsotso suka fi so. Ban ruwa a kai a kai ya fi a bar shi ya bushe sannan a malala masa, domin hakan na fasa 'ya'yan. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko yadi a ƙarƙashinsa na da amfani biyu: tana riƙe danshi, tana kuma hana 'ya'yan da suka faɗo taɓa laka. Yana yi a cikin babbar tukunya ko bokiti mai ƙofar fitar ruwa. Tsiro ɗaya tak na iya yin 'ya'ya, saɓanin tomatiyo wanda ke buƙatar aƙalla biyu. 'Ya'yan da aka bari a ƙasa sukan tsiro da kansu a shekara mai zuwa, har wani lokaci su zama ciyawa a lambun.

Girbi da guba

Gajeren nau'in kan fara zubar da 'ya'ya kwana 65 zuwa 75 bayan dashe, kuma daga ƙasa ake tsintarsu, bayan ɓawon ya bushe ya koma ruwan ƙasa. A cikin ɓawonsu, a wuri mai sanyi da iska, sukan yi makonni ba su lalace ba. Ɗanyen ɗa mai launin kore, da ganye, da ɓawon kansa, duk suna ɗauke da sinadarai masu guba irin na dangin tumatir, don haka nunanne kaɗai ake ci. Wanda ya faɗo da sauran kore a jikinsa ana ajiye shi cikin ɓawo har ya gama nuna.

Ƙwari

Ana yawan bayyana fisalis a matsayin tsiron da ƙwari ba su damu da shi ba. Akwai gaskiya a ciki, domin ɓawon na tare tsuntsaye da yawancin masu cin 'ya'ya, amma akwai ƙwarin da suka ƙware a kansa musamman, kuma su ne suka fi cancantar a san su.

Na farko shi ne ƙwaro mai zane uku, Lema daturaphila, ɗan asalin Arewaci da Tsakiyar Amurka wanda ya kai wasu nahiyoyi. Tsayinsa kusan milimita 6 ne, launinsa rawaya mai ja ja, da baƙaƙen layuka uku a bayansa. Ko da yake ana danganta shi da dankalin turawa, ya fi son fisalis da zaƙami. Macen na jera ƙwai masu launin lemo a bayan ganye, kuma tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe sukan yi kiwo a gungu, kowace ɗauke da kashinta a gadon baya, wanda ke kore masu farautarta. Suna iya tsige ƙaramin tsiro cikin 'yan kwanaki, alhali babban tsiro kan jure. A lambun gida babu abin da ya fi hannu: a riƙa juya ganye kowane kwana biyu ko uku, a murje ƙwan, a kakkaɓe manya da tsutsotsi cikin ruwan sabulu da sassafe, lokacin da ba su da kuzarin tashi.

Na biyu, kuma mafi ban sha'awa ga masu bincike, tsutsar wani faɗa-wuta ce mai suna Chloridea subflexa, wanda a da ake kira Heliothis subflexa. Wannan tsutsa ba ta cin komai sai fisalis. Takan huda ɓawon ta shiga, ta zauna a ciki tana cin ɗan, kuma ɓawon da ya kamata ya kare tsiron sai ya zama mafakarta daga ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a jikin tsutsa. A 2016 masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Jena a Jamus suka nuna cewa sinadaran witanolaid da tsiron ke yi don kare kansa suna ƙara wa wannan tsutsa ƙarfin garkuwar jiki. Ga mai lambu, darasin a fili yake, feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta shiga ɓawo. Duk ɓawon da aka ga yana da ƙaramin rami ko kashi a ciki, a cire shi a hallaka, kuma kada a bar ruɓaɓɓun 'ya'ya su taru a ƙasa. Maganin Bt, wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya Bacillus thuringiensis, yana aiki ne kawai idan ƙaramar tsutsa ta ci shi kafin ta shige.

Ƙwaro mai tsalle na jinsin Epitrix yana huda ganye da ƙananan ramuka masu yawa, kuma haɗarinsa ga sabon dashe ne. Lulluɓe tsiron da siririn yadi mai wuce haske da iska a makonnin farko ya fi feshi tasiri, sai a yaye shi idan fure ya fara. Tsutsar da ke wuni cikin ƙasa tana yanke ƙaramin tsiro daga gindi da dare ana tare ta da zoben kwali da aka ɗan nutsa a ƙasa kewaye da karan. A nahiyar Amurka akwai kuma babbar koriyar tsutsa mai ƙaho ta jinsin Manduca, wadda kan kai santimita 10. Ana cire ta da hannu, amma idan an ga ƙananan fararen ƙwanso a bayanta a ƙyale ta, domin 'ya'yan zanzaron da ke kashe ta ne, kuma za su fito su kama wasu. Tsutsar Tuta absoluta, mai haƙa cikin ganyen tumatir, wadda ta shiga Sifaniya a 2006 ta bazu zuwa Afirka da Asiya, ita ma an same ta a kan nau'in Andis.

Masu tsotson ruwan tsiro, wato darɓa da farin ƙuda da jan gizo gizon nan da ido da ƙyar yake gani, sun fi yawa a lokacin zafi da fari, da kuma a ɗakunan raino. Alamarsu ganye mai naɗewa, ko mai danƙo, ko mai ɗige ɗigen rawaya da siririyar yana a baya. Wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi, da ruwan sabulun ƙwari, da man dalbejiya, sukan rage su, a fesa da yamma don kada ganye ya ƙone kuma don a kare ƙudan zuma. Magungunan da ke kashe kowane irin ƙwaro sukan ƙara matsalar jan gizo gizo, saboda suna hallaka masu cinsa. Tunda kuma 'ya'yan na zuba kusan kullum, da wuya a kiyaye kwanakin jira da irin waɗannan magunguna ke buƙata tsakanin feshi da girbi.

Ɓeraye da kurege da katantanwa kan ci abin da ya faɗo. Tsinta a kowace rana ita ce maganinsu.

Cututtuka

Mafi muni ita ce yaushin da fumfunar ƙasa Fusarium oxysporum ke jawowa, wanda ya tilasta wa manoma da yawa a Kolombiya barin gonakinsu. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin saiwa na jinsin Meloidogyne da ke sa jijiya ta yi ƙulli ƙulli. Ga duka biyun, abin yi shi ne a tuge tsiron da ya kamu, kuma a yi shekara uku ko fiye ba a shuka wani ɗan dangin tumatir a wurin ba.

Amfani

Ana cin nunannun 'ya'yan haka nan ba tare da an dafa ba, ko a busar, ko a dafa da sukari. Suna da bitamin A da C.

Saɓani kan rabe rabe

Masana da dama na ganin tsiron da ake sayarwa da sunan Physalis pruinosa ainihinsa Physalis grisea ne, wasu tsofaffin rubuce rubuce kuma sun haɗa shi da Physalis pubescens. Nau'in ado mai jan ɓawo na Turai da Asiya, wanda aka daɗe ana kira Physalis alkekengi, yanzu da yawa sun ware masa jinsinsa na daban mai suna Alkekengi.