Farin Ruwan Pinot Grigio Ba Ya Nufin Babu Barasa

Mutane da dama na ɗaukar cewa giyar inabin da ruwanta ya yi garau kamar lemo ba ta bugarwa. Ba haka ba ne. Pinot Grigio, wata farar giya da ake noma inabinta sosai a yankin Veneto na arewa maso gabashin Italiya, barasar cikinta kan kai kashi 12 cikin 100, fiye da ninki biyu na giyar kwalba ta yau da kullum.

Shi kansa inabin ma ba fari ba ne, fatarsa ruwan toka ce mai ja-ja. Ana matse ruwan a raba shi da ɓawon tun da wuri, shi ya sa launin bai kama shi ba. Wanda ke guje wa barasa ya duba rubutun jikin kwalbar.