Iya kilina: me ake nufi da ita, kuma wacce za ta shiga matsattsen ɗakin injin tsohuwar mota?

Idan bakanike ya ce maka iya kilina ta toshe, matatar iska yake nufi, wato gwangwanin nan da ke zaune a bakin kafireto, wanda duk iskar da inji zai shaƙa sai ta bi ta cikinsa. Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, kuma iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba: a ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska ake so ga kashi 1 na fetur. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sarai, sai inji ya zuƙi iska kusan lita 9,000. To a ɗauki wannan lissafi a kai shi watan Janairu, lokacin da hunturu ya turnuƙe gari da ƙura. Ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma da zarar ya sami hanya ya haɗu da baƙin mai, sai ya riƙa cin ringi da bangon silinda sannu a hankali, har a wayi gari mota tana shan baƙin mai tana hayaƙi.

A motocin yanzu babu wani dogon tunani: a buɗe akwatin roba, a zare tsohuwar takarda, a sa sabuwa. Matsalar tana wajen mai riƙe da tsohuwar mota mai kafireto, musamman irin waɗanda aka ƙera ɗakin injinsu a matse. Babu misalin da ya kai Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Ojo ta Legas tun daga 1975, kuma aka ci gaba da ƙera ta a Puebla ta ƙasar Meziko har zuwa 2003. Injinta a baya yake, cikin ɗan ɗaki mai lanƙwasasshen murfi. Ka ɗaga murfin, kafireto ƙirar Solex tana tsakiya, janareto a gefenta, gidan fanka a bayanta, iya kilina a bisa kanta, kusa da inda murfin yake fara lanƙwashewa. Wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Beetle ta daɗe tana fitowa daga kamfani da iya kilina mai baƙin mai, kuma ina ganin ya kamata a fahimci yadda take aiki kafin a yi garajen jefar da ita. A ƙasan gwangwanin akwai ɗan kwano da ake zuba baƙin mai zuwa wani layi da aka shata. Iska tana shigowa a tilasta mata gangarowa zuwa saman man, sannan ta yi kwana ta koma sama. Iska tana iya yin wannan kwanar, amma yashi mai nauyi ba ya iyawa, sai ya faɗa cikin man ya nutse. Ƙurar da ta tsira kuma ta tarar da cunkusasshen zare a sama wanda man ya jiƙa, ta manne a jiki, man ya wanko ta ya dawo da ita kwano. Duk wanda ya taɓa kwance irin wannan bayan hunturu ya san abin da ake tararwa: baƙin laka mai kauri a ƙasan kwano, sai an sa tsinke an kankare. Wannan lakar da cikin inji za ta shiga. Gyaranta kuwa wankewa ne da sake zuba mai, ba a sayen komai in ban da man, sai dai a kula wajen cirewa kada a karkata ta man ya tsiyaye cikin kafireto.

To me ke sa mutane canza ta? Wani tasa ta ɓata ko ta ruɓe. Wani ya sauya kafireto, ya sa ƙirar Weber guda biyu, ɗaya a kowane gefen inji, inda bangon ɗakin yake dab da su. Wani kuma ƙyalli kawai ya gani a kanti. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi damuna: a zaɓi mafi ƙanƙanta don ita ce ta shiga, alhali shiga ɗaya ce kawai daga cikin sharuɗɗa.

Abin dubawa na farko faɗin fuskar da iska za ta ratsa. Ƙaramar rariya ta fi saurin toshewa, ko mai tankaɗe ta san wannan. Shi ya sa ake nannaɗe takardar iya kilina ninki-ninki, domin a cusa babbar fuska cikin ƙaramin wuri. Idan tsayi ya ƙi, a nemi faɗi: akwai masu siffar ƙwai, akwai masu tsukakken kai da ke kauce wa lanƙwasar murfi, akwai waɗanda aka huda gindinsu daga gefe maimakon tsakiya domin gwangwanin ya matsa ya bar wa janareto ko bango wuri. Sai kuma ratar da ke tsakanin bakin kafireto da rufin iya kilinar daga ciki. Wannan mutane da yawa ba sa lura da ita. In rufin ya sauko dab da bakin, iskar ba ta da sararin yin kwana, inji ya shaƙe ko da takardar sabuwa ce fil. Ni dai ba na son ratar ta gaza inci ɗaya.

Awon wuri ba ya buƙatar na'ura. A dunƙula ɗanyen yumɓu a ɗora bisa iya kilinar, a rufe murfin inji a hankali, a buɗe. Kaurin da yumɓun ya rage da shi shi ne ainihin ratar. Kuma a tuna inji yana jijjiga yana motsi in an taka totur, don haka abin da ya kusa taɓa murfi mota na tsaye, zai riƙa dukansa a kan hanya.

Game da abin da ake tace iskar da shi, takarda ta fi kama ƙura mai laushi, amma ba a wanke ta kuma ba ta shiri da ruwa. Auduga mai jiƙe da mai, irin wadda kamfanin K&N na Kalifoniya ya yi suna da ita tun 1969, tana barin iska ta wuce sosai kuma ana wankewa, sai dai ƙarfinta yana ga man nan; in ta bushe, ƙura mai laushi wucewa take yi. Soso mai mai shi ma haka, ya dace da lungu saboda yana lanƙwasuwa, amma in ya jiƙe da fetur kuma inji ya yi tari ta kafireto, yana iya kama wuta. Ita kuwa 'yar ragar waya mai ƙyalli da ake ɗora wa motocin baje koli a Turai, tsakuwa da ganye kawai take tarewa. A ƙasar da ake hunturu ba ta da wurin zama.

Akwai wani tiyo da ke tasowa daga wajen da ake zuba baƙin mai ya shiga jikin iya kilina ta asali, yana kai tururin mai domin inji ya ƙone shi. Sabuwar da za ka saya, ka tabbata tana da inda za a soka shi. In aka bar shi yana reto, tururin zai watsu a ɗakin, fanka ta zuƙe shi ta fesa a kan silinda, ƙura ta manne ta yi dabe, kuma Beetle da iska take sanyaya injinta, ba ta da lagireto. Bayan an ɗaura sabuwar, a yi tafiya mai ɗan nisa sannan a ciro fulogi a duba. Bakinsa ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa. Ya yi fari tas, iska ta rinjayi fetur, kuma wannan ne ya fi haɗari domin inji zai riƙa zafi har ya ƙona bawul. Sai a mayar wa bakanike ya sake saita kafireto ko ya canza jet, wato 'yar ƙafar da fetur ke bi a cikin kafireto.