Harajin gado: shin yana rage tazarar mai kuɗi da talaka?

Mene ne harajin gado?

Kaso ne da gwamnati ke ɗauka daga dukiyar mamaci idan ta haura wani adadi. A Birtaniya ana karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, adadin da bai motsa ba tun 2009. Amurka ta kafa nata a 1916, amma a 2025 sai dukiya ta kusa dala miliyan 14 kafin ya hau kanta.

Me ya haɗa shi da tazarar arziki?

Masu goyon bayansa na cewa dukiya tana haihuwa. Ɗan attajiri ya gaji hannun jari da gidajen haya, ribarsu ta sayo wasu, jikansa ya tarar da ninki ba tare da ya ɗiga gumi ba. Masu adawa kuwa cewa suke an riga an biya haraji lokacin da ake tara dukiyar, don me za a sake tatsar marayu?

Akwai inda ya ciji manya da gaske?

Koriya ta Kudu. Da shugaban Samsung, Lee Kun-hee, ya rasu a Oktoban 2020, iyalansa sun sanar a 2021 cewa za su biya sama da won tiriliyan 12, wato fiye da dala biliyan 10, kashi-kashi cikin shekara 5. Sai da suka ci bashin banki, suka sayar da wasu hannayen jari. Duk da haka ragamar kamfanin tana hannun ɗansa, Lee Jae-yong.

To me ya sa bai cika yin tasiri ba?

Ƙofofin zillewa sun yi yawa. A Birtaniya, kyautar da mutum ya yi shekara 7 kafin rasuwarsa ba ta shiga lissafi, haka abin da ya bar wa matarsa. Mai lauyoyi ya raba dukiyarsa tun yana da ƙarfi, mai gida ɗaya a Landan kuwa babu inda zai kai shi. A ganina matsalar tana nan, ba a yawan kason da aka rubuta a doka ba. Suwidin ma soke nata ta yi a 2004.

Najeriya fa?

An kafa makamancinsa a 1979, aka soke shi a 1996.