Mentaliti: kalmar kai ce, mu muka saukar da ita ƙirji

Yanzu da wuya a tashi daga gidan kallon ƙwallo ba ka ji wani ya ambace ta ba. Ƙungiya ta farke ƙwallo biyu ana dab da tashi, sai a ce mentaliti ne. Wata ta ci biyu ta bari aka rama, sai a ce ba su da mentaliti. Jurgen Klopp ya ƙara mata farin jini a 2019 da ya kira 'yan wasansa na Liverpool dodannin mentaliti, sai kuma Real Madrid ta 2022 da ta fitar da PSG da Chelsea da Manchester City bi da bi a gasar zakarun Turai, kowanne sai da aka ɗauka tata ta ƙare. Masu sharhin wasanni a rediyo suka ɗauka, 'yan siyasa suka ara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da muka yi mata. Tambayi mutum goma, tara za su ce maka mentaliti zuciya ce. To, asalin kalmar daga Latin take, daga “mens”, wato hankali ko tunani, kuma daga tushen nan Turanci da Faransanci suka samo tasu, shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa mantalite. Kalmar kai ce. Mu da muka saba ajiye jarumta a ƙirji, sai muka saukar da ita can.

Kuma zuciya a bakin Bahaushe ba yabo ba ce zalla. Idan aka ce wane ya yi zuciya, fushi ya yi ya fice. Idan aka ce zuciya ta ɗebe shi, ɓarna ya tafka. Gaskiya ne muna zagin mai matacciyar zuciya, domin zuciya ce ke tayar da wanda aka kayar. Amma idan ta tayar da shi ba ta gaya masa inda zai dosa. Hankali ke gani, ido gululu ne.

Duk wanda ya kalli wasan 8 ga Yulin 2014 a Belo Horizonte ya ga bambancin da idonsa. Brazil ta fito wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya a gidanta, Neymar ya ji rauni, Thiago Silva yana dakace. 'Yan wasa suka ɗaga rigar Neymar, suka rera taken ƙasa jijiyoyin wuya a waje, filin wasa kamar zai tsage. Idan zuciya ce mentaliti, ranar babu wanda ya kai su. Muller ya ci wa Jamus a minti na 11. Klose ya ƙara a na 23. Biyu da nema, saura sama da sa'a ɗaya, wannan ba mutuwa ba ce a ƙwallo. Abin da ake bukata a wurin ɗan kaɗan ne: wani ya tara abokansa ya ce a ja baya, a toshe tsakiya, a riƙe ƙwallo minti biyar numfashi ya dawo. Ba a samu mai yin haka ba. Kowa ya zabura zai rama shi kaɗai, David Luiz da ke riƙe da kambun kyaftin ya dinga barin gurbinsa na baya yana hayewa gaba. Kroos ya ci a minti na 24 da na 26, Khedira a na 29. Ƙwallo huɗu cikin minti shida, aka tashi 7-1. Ban yarda cewa yaran nan ba su damu ba, hawayensu shaida ne. Damuwar ce ta yi musu yawa, babu wani shiri a kai da zai riƙe ta.

Sai a ɗora wannan a kan daren Santambul, 25 ga Mayun 2005, wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai. AC Milan ta ci Liverpool uku kafin hutun rabin lokaci, Maldini tun a minti na farko, Crespo ya ƙara biyu. Labarin da ake so a ba mu shi ne na magoya baya suna waƙa da Gerrard, kyaftin ɗin Liverpool, yana kaɗa hannu. Duk an yi. Amma a ɗakin sauya kaya kociyan Liverpool Rafael Benitez lissafi ya yi. Ya ga Kaka, ɗan wasan Milan, shi ne ke yawo a tsakiya babu mai tare shi, sai ya sa Dietmar Hamann a madadin Steve Finnan, ya koma da 'yan baya uku, ya saki Gerrard ya matsa gaba. Gerrard ya ci a minti na 54, Smicer a na 56, Alonso a na 60, aka koma 3-3, Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenariti. Wannan natsuwar, ta mutumin da aka ci shi uku amma ya iya tsayawa ya tambayi kansa ta ina ruwa ke shigowa, ita masu horarwa ke nufi da kalmar. Da ni za a tambaya, horon tunani zan kira ta da Hausa.

Na ce horo da gangan, saboda kuskure na biyu shi ne ɗaukar ta wata baiwa da ake haihuwar mutum da ita, ko wadda ke cikin rigar wata ƙungiya. Gareth Southgate ya zubar da fenariti a gaban Jamus a gasar Turai ta 1996, Ingila ta fita a gidanta. Da ya zama kociyan Ingila bai ce bugun fenariti sa'a ce ba. Ya sa an yi ta atisaye a kai, har da tafiyar nan daga tsakiyar fili zuwa inda ake ajiye ƙwallo, aka yi nazarin masu bugu na abokan karawa, aka shigo da masaniyar halayyar ɗan'adam cikin tawaga. A 2018 Ingila ta fitar da Kolombiya, karon farko da ta yi nasara a bugun fenariti a gasar kofin duniya. Kyakkyawan fatan da kociya na gari ke koyarwa ba rufe ido ba ne a ce komai lafiya. Zama ake yi a kalli bidiyon kayen da aka sha, a ware abin da ke hannunka daga wanda ba ya hannunka, irin hukuncin alƙalin wasa ko ihun 'yan kallo, a kama na farkon da aiki.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji mai riƙe da muƙami ya ce matsalar matasa mentaliti ce. A wurin kociya kalmar nauyi ce a kansa shi ma, shi zai samar da fili da atisaye da tsari, sannan ya nemi natsuwa daga yaro. Wanda bai biya 'yan wasa albashin watanni ba, ya cusa su a mota suka kwana a hanya suka wuce fili da safe, ba shi da bakin cewa sun rasa mentaliti. Haka wanda bai gyara aji ba, bai samar da wuta ba.

Sannan muna raba ta ne bayan an tashi wasa, wanda ya ci a ba shi, wanda aka ci a ƙwace. Da Dudek, mai tsaron gidan Liverpool, bai tare ƙwallon Shevchenko na Milan sau biyu a ƙarin lokaci ba, da ba mai tuna sauyin da Benitez ya yi, alhali sauyin daidai ne ko an ci ko ba a ci ba. Ita ma Milan da aka ce ta narke a Santambul, kociyanta Carlo Ancelotti bai watsar da ƙashin bayanta ba. Maldini da Nesta da Pirlo da Gattuso da Seedorf da Kaka, su ɗin dai, suka sake haɗuwa da Liverpool a wasan ƙarshe na 2007 a birnin Atina na ƙasar Girka. Inzaghi ya ci biyu, aka tashi 2-1, Maldini ya ɗaga kofi.