Ƙwaƙwalwar yaro da koyon harshe na biyu

Jariri yana zuwa duniya da kunnen da ke iya rarrabe sautukan kusan kowane harshe, amma wannan baiwa ba ta daɗewa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada cewa jariran gidajen da ake Turanci suna bambance wasu baƙaƙen harshen Hindi tsakanin wata 6 da 8, zuwa wata 10 ko 12 kuwa yawancinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa tana lura da sautukan da suka fi yawan shiga kunne, ta ƙarfafa hanyoyin jijiyoyinsu, ta saki sauran. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake haɗa "ƙafa" da "kafa", ko "ɓari" da "bari", Bahaushen da ya riski Turanci a makare kuma yakan sha fama wajen raba p da f.

Jin sauti kaɗai ba ya wadatarwa. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta sa masu jin Sinancin Mandarin suna wasa da jarirai 'yan wata 9, zama 12 na minti 25 cikin kimanin mako 4. Jariran suka riƙe bambancin sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa darussan ta bidiyo, ko aka kunna musu murya kawai, ba su koyi komai ba. Haɗa ido, nuni da yatsa da mayar da martani su ke sa ƙwaƙwalwar jariri ta ɗauki magana da muhimmanci. Wannan abin lura ne ga iyayen da ke miƙa wa yaro waya da nufin ya tsinci Turanci ko Larabci.

Harshe yawanci yana aiki ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa: yankin Broca wajen tsara magana, yankin Wernicke wajen fahimtarta. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa na 1997 ya gano cewa waɗanda suka taso da harsuna biyu tun ƙuruciya suna sarrafa su a wuri guda cikin yankin Broca, waɗanda suka koyi na biyun bayan sun girma kuwa wuraren sun ɗan rabu. Sawun harshen farko ma ba ya gogewa da sauƙi. A 2014 masana a Jami'ar McGill ta Kanada sun gwada yaran Sin da iyalai masu Faransanci suka ɗauka riƙo tun suna jarirai. Sun manta Sinanci sarai, amma ƙwaƙwalwarsu ta amsa karin sautinsa kamar ta masu jin harshen.

Inda ake yawan kuskure shi ne fassara alamomin da yaro mai koyon harsuna biyu yake nunawa. Yaron da ke cakuɗa harsuna biyu a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, yana ɗauko kalmar da ta fi kusa ne, kamar yadda manyan gidan suke yi. Kalmominsa a kowane harshe na iya gaza na mai harshe ɗaya, don haka ana ƙirga su ne a haɗe. Wanda aka kai makarantar da ake wani harshe yakan yi shiru na makonni ko watanni yana sauraro. Hana shi harshen gida a wannan lokaci yana rage masa hirar da yake samu, ba ya kuma gaggauta na makaranta. Abin da ke buƙatar likita shi ne jinkirin magana a harsunan biyu baki ɗaya, kuma gwajin ji ake fara yi.