Me ake nufi da soke ciniki a gwanjon intanet?

A gwanjon intanet ba a jiran mai kaya ya ce ya sallama, agogo ne ke sallamawa. Da zarar lokaci ya cika kuma tayin mutum ne a sama, kaya sun zama nasa, kuɗin kuma sun zama bashi a wuyansa. Kamfanin eBay, dandalin gwanjo da ciniki ta intanet wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa tayi alkawari ne da ke ɗaure mai shi, in ban da a sashen motoci da na gidaje da filaye. Duk da haka, duk wanda ya daɗe yana sayarwa ya san irin saƙon nan da ke shigowa jim kaɗan bayan gwanjo ya rufe: yaro ne ya taɓa wayata, ban lura da kuɗin aikawa ba, na samu irinsa a wani wuri, don Allah a soke.

Soke ciniki shi ne warware wannan ƙulli bayan gwanjo ya rufe, kafin kaya su bar hannun mai sayarwa. In an biya kuɗi a mayar wa mai su, kaya su ci gaba da zama na mai su na farko, dandalin kuma ya rufe maganar a littafinsa. Mai saye roƙo kawai yake iya yi. Mai kaya ne ke da ikon amincewa ko ƙi.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa da wannan, kuma cakuɗa su na jawo asara. Janye tayi yana faruwa ne tun gwanjo bai rufe ba, kuma mai tayin ne ke yi da kansa. eBay ya yarda da shi idan mutum ya yi kuskuren lamba, kamar ya rubuta 1,000 alhali 100 yake nufi, ko kuma mai kaya ya sauya bayanin kayan sosai bayan an taya. Idan saura ƙasa da awa 12 a rufe, tayin da aka yi cikin awa ɗaya da ta wuce kaɗai ake iya janyewa. Rashin biya kuwa shi ne mutum ya ci gwanjo ya yi gum. Mayar da kaya kuma sai bayan sun isa hannun mai saye, yana da nasa ƙa'idojin da nasa kuɗin. Kowanne da ƙofar da ake fita ta cikinta, kuma ƙofar da aka bi ita ke nuna wanda laifin zai hau kansa.

Wanda bai taɓa sayarwa ba zai ce ai ba wata asara, kaya na nan, a sake sa su. A kayan da aka yanka wa farashi haka ne. A gwanjo ba haka ba ne, domin mutanen da suka taru a wannan makon su suka gina farashin, kuma ba lallai su sake taruwa ba. Ɗauki misalin kyamara da aka sa na kwana 7. A eBay kowa yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura kuma ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Mutum na farko ya sa iyakarsa dala 150, na biyu dala 120, na uku dala 90. A wannan matakin ƙarin da ake yi dala 2.50 ne, don haka na farko zai ci a kan dala 122.50. To a ce ya fasa. Da tun farko bai shigo ba, da na biyu ne zai ci a kan dala 91, wato dala ɗaya a kan tayin na uku. Mutumin da ya fasa ya tura farashi sama da dala 30, ya kori waɗanda suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sannan ya zame. In aka sake sa kyamarar, masu bibiya za su gane ta, wasu su yi zaton tana da aibi ne shi ya sa aka fasa, kuma sau da yawa zagaye na biyu ba ya kai na farko. Ɓacin ran mai kaya yana kan hanya.

Sai dai ɓacin rai ba ya sa a biya. Dandalin ba shi da hanyar da zai sa hannu a aljihun wanda bai ba da katinsa ba, kuma ba mai zuwa kotu a wata ƙasa saboda dala 122. Abin da ya rage wa mai kaya shi ne ya fita da ƙaramar asara, kuma ya tabbatar an rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

In kai ne mai kaya, abu na farko da za ka duba shi ne ko an biya, da kuma ko kaya sun tafi. Idan ka riga ka miƙa wa kamfanin aika kaya kuma akwai lambar bin sawu, maganar sokewa ta wuce. Kada ka mayar da ko sisi a wannan lokacin, domin za ka iya rasa kuɗi da kaya gaba ɗaya. Ka ƙi roƙon cikin ladabi, ka aika masa lambar, ka gaya masa ya jira su iso ya buɗe batun mayarwa ta hanyar dandali, kuɗinsa kuma su koma bayan kayan sun dawo hannunka ka duba su.

Idan mai saye ya biya amma ba ka aika ba, shawarar da ta fi ita ce ka amince, ko da kana da ikon ƙi. Dalilin a fili yake. Mutumin da aka tura wa abin da ba ya so yana da hanyoyin da zai rama. A eBay yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya ce ba su yi daidai da bayanin da aka rubuta ba, kuma a irin wannan ƙorafin mai sayarwa ne ke biyan kuɗin dawowa, ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar mayarwa. Zai iya zuwa bankinsa ya nemi a janyo kuɗin daga kati. Zai iya rubuta maka mummunar shaida a shafinka, kai kuwa ba ka da abin ramawa, tunda tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida. Ka lissafa: kuɗin aikawa zuwa da dawowa, mako biyu ko uku kaya na yawo a hanya, ga yiwuwar su dawo a fashe ko da wani sashe a ɓace. Wanda ya soke tun farko kwana 7 na gwanjon da ɗan bambancin farashi kawai ya rasa.

Akwai kuma inda ma doka ba ta ba ka zaɓi ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare masu saye ta 2011 ta ba wanda ya sayi abu daga nesa kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin daga ɗan kasuwa ya saya. Birtaniya na da irin wannan a dokarta ta 2013. Wasu na zaton gwanjo ya fita daga ciki, amma gwanjon da aka keɓe shi ne wanda mutum zai iya halarta da ƙafarsa a gaban mai buga guduma. Babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke tun a watan Nuwamba na 2004 cewa cinikin eBay bai shiga irin wannan keɓewar da ke dokar Jamus ta lokacin ba. Wanda ke sayar da tsohon kayansa jefi-jefi wannan dokar ba ta hau kansa ba, amma mai saye don ya sayar a kai a kai ya san cewa ɗan kasuwa ake ɗaukarsa.

Wurin da masu sayarwa suka fi saɓani shi ne idan mai saye bai biya ba. Hanya biyu ce. Ko ka amince nan take ka sake sa kayanka a ranar, ko ka ƙi ka jira. A eBay mai saye yana da kwana 4 ya biya, in suka wuce sai ka soke da dalilin rashin biya, a rubuta masa tabo a asusunsa. Wannan tabon yana da amfani ga kowa, domin masu sayarwa na iya saita shagonsu ya hana tayi daga wanda ya tara irinsa biyu cikin wata 12. Mutumin da ya turo saƙo cikin mintuna, ya amsa kuskurensa, tarihinsa kuma tsaf, bai cancanci a ja shi kwana 4 ba, a sallame shi. Amma sabon asusu da ya tura farashi sama a mintin ƙarshe, ko wanda ya ce zai biya in an rage masa, wannan a bar ƙa'ida ta yi aikinta. Neman ragi bayan an ci gwanjo zalunci ne ga mutum na biyu da ya taya da gaskiya, kuma bai kamata a buɗe wannan ƙofar ba.

Yanzu ga wurin da ƙaramin kuskure ke cin mutum. Lokacin da ka danna maɓallin sokewa, za a nemi ka zaɓi dalili: mai saye ne ya nema, akwai matsala a adireshinsa, bai biya ba, ko kaya sun ƙare ko sun lalace. Mutane da yawa cikin hanzari suna danna na ƙarshen. Wannan zaɓin yana nufin laifinka ne, kuma ana lissafa shi a matsayin aibi a ma'aunin shagonka. eBay ba ya son irin wannan aibin ya wuce kashi 2 cikin 100 na cinikinka, ga waɗanda ya ba matsayi mafi girma kuma kashi 0.5. Idan ya wuce, la'adar da eBay ke cire maka na iya ƙaruwa, kayanka kuma su yi ƙasa a bincike. In ka zaɓi cewa mai saye ne ya nema, babu aibi a kanka, kuma la'adar da aka cire, wadda a Amurka take sama da kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, za a mayar maka. Amma sai in da gaske ya nema. Shi ya sa ake so roƙon ya kasance a rubuce cikin akwatin saƙon dandalin. In ta waya ya kira ka, ka ce ya rubuto. Layi biyu sun isa amsa: “Na ga saƙonka na neman a soke cinikin kyamara. Na amince, kuma kuɗinka za su koma ta hanyar da ka biya.” Ba zagi, ba gori, domin ma'aikatan dandalin za su karanta komai in rigima ta tashi. Mai sayarwa yana da kwana 30 daga ranar ciniki ya soke, amma kada ka bar roƙo yana jira, ka amsa a ranar.

Kuɗi kuma ta inda suka shigo ta nan za su fita. Duk wanda ya ce a tura masa ta wani asusun banki, ko katin kyauta, ko lambar wani ɗan'uwansa, a tsaya. Tsohuwar damfara ce: a biya da katin sata, a nemi sokewa, a karɓi kuɗi mai tsabta ta wata hanya, bayan makonni mai katin ya kai ƙara a janye na farkon, mai kaya ya biya sau biyu. Haka nan saƙon imel da ke cewa an biya ba hujja ba ne, abin da shafin cinikinka ya nuna shi ne hujja.

Bayan an soke, sai a koma kan mutum na biyu. eBay yana da tsarin ba da dama ta biyu, inda za ka miƙa wa wanda bai ci ba kayan a kan tayinsa mafi girma, har zuwa kwana 60 bayan rufe gwanjo, ka ba shi kwana 1, 3, 5 ko 7 ya amsa. Ka tabbatar cinikin farko ya rufe tukuna, kada ka wayi gari da mutum biyu sun biya kaya ɗaya. Ka aika da wuri, tun bai sayi wata ba. Kada kuma ka yi mamaki in ya ƙi: a misalin kyamarar nan dala 120 za a nema a wurinsa, shi kuwa ya san da dala 91 zai ci in ba don wancan ba, kuma zai iya zargin cewa kai ka turo wani ya ɗaga farashi. Gajeren bayani na gaskiya game da abin da ya faru yana rage wannan zargin.

Wanda ya fasa kuma, ka sa sunansa a jerin waɗanda ka toshe kafin ka sake sa kayan, jerin na ɗaukar suna har 5,000. Wasu na fasawa ne don su dawo a zagaye na biyu su ci da araha. Ka sake duba bayaninka ma: in kuɗin aikawa ne ya ba shi mamaki, ka fito da shi fili a layin farko, ka ƙara hoton da ke nuna girman kayan kusa da ma'auni, sannan ka fara gwanjon daga farashin da in a nan ya tsaya ba za ka ji ciwo ba.